Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Shirya Manyan Gasanni: A Rubuta Dokar Annoba Tun Ana Lafiya

Zuwa ga shugabannin FIFA da CAF da UEFA, da Kwamitin Olamfik na Duniya, da duk wata hukuma da ke tara 'yan wasa da 'yan kallo daga ƙasashe daban-daban.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kallo ne, irin waɗanda ke hana idonsu barci saboda wasan da ake bugawa a wata nahiya, kuma ba ni da kujera a wani kwamiti naku. Na rubuto ne a kan wata magana da na ga an jingine ta tun ba a kai ƙarshenta ba. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matakin larurar gaggawa ta duniya. Filaye suka sake cika, aka cire takunkumi, kowa ya yi hamdala, ni ma na yi. To amma gobe in wata cuta ta ɓullo ana saura wata biyu a fara gasa, wa ke da ikon cewa a dakata? Da wane ma'auni zai yi hukunci? Wa zai ɗauki asarar? Ƙaramin yaro ma ya san dokar satar gida, ya san laifin da ke jawo jan kati. Roƙona shi ne dokar da ke faɗin lokacin da za a rage 'yan kallo, ko a rufe ƙofa, ko a ɗage gasa saboda annoba, ita ma ta zama rubutacciya, a wallafe, kowa ya san ta tun kafin a buƙace ta. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa a 2020 haka muka yi, kuma an biya da rayuka.

Ku tuna daren 19 ga Fabrairun 2020. Atalanta ta karɓi baƙuncin Valencia a gasar Zakarun Turai, amma a filin San Siro na Milan, saboda nata filin bai cika sharuɗɗan gasar ba a lokacin. Mutane wajen 40,000 suka taso daga Bergamo da kewayenta, a motoci da jiragen ƙasa, domin kallon wasa mafi girma a tarihin ƙungiyarsu. Atalanta ta ci 4-1. Sau huɗu jama'a suna rungumar juna, suna ihu a fuskar juna. Kwana biyu bayan haka Italiya ta tabbatar da kamuwar mutanen farko a cikin gida a yankin Lombardy. Ba a cika wata guda ba duniya ta ga hoton motocin soja suna fita da gawarwaki daga Bergamo saboda birnin ya kasa ɗauka. Ita kuma Valencia ta sanar cewa kashi 35 cikin ɗari na 'yan wasanta da ma'aikatanta sun kamu. Ba na zargin kowa da wannan daren, domin a ranar babu wanda ya san cutar ta riga ta shiga gari.

Wasan da ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne na 11 ga Maris. A ranar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. A lokacin an rufe makarantu a Madrid, kuma hukumomin Sifaniya sun riga sun yanke cewa wasannin La Liga za a riƙa buga su ba 'yan kallo. Duk da haka magoya bayan Atlético Madrid kimanin 3,000 suka hau jirgi zuwa Liverpool, suka shiga Anfield tare da mutum sama da 50,000. Wato mutumin da aka hana shi kallon ƙungiyarsa a garinsu saboda hatsari, an sayar masa da tikitin ya je ya kalle ta a garin wasu. Gwamnatin Birtaniya ba ta hana ba, UEFA ba ta hana ba, ƙungiyoyin biyu kuwa suna tsoron hukuncin ƙin fita fili. Kowa ya jira wani ya fara magana. A daren nan kuma aka buga PSG da Dortmund a Paris babu 'yan kallo, sai dubban magoya baya suka taru a wajen filin, kafaɗa da kafaɗa, har 'yan wasa suka fito suna taya su murna. An rufe ƙofa, amma ba a yi tanadin abin da zai faru a bakin ƙofar ba.

Tushen matsalar, a ganina, shi ne wanda ke riƙe da ikon tsayar da gasa shi ne kuma wanda zai fi kowa asara in ta tsaya. Ban ce ku mugaye ba ne. Kuɗin nuna wasanni a talabijin da na masu ɗaukar nauyi su ke riƙe ƙananan ƙungiyoyi da wasannin matasa da na mata, na san da haka. Sai dai bai dace a sa mutum ya yi alƙalanci a shari'ar da aljihunsa ke ciki ba. Ku dubi Tokyo. Yarjejeniyar da birnin ya sa wa hannu ta ba Kwamitin Olamfik shi kaɗai ikon soke gasar. A watan Yunin 2021 babban mai ba gwamnatin Japan shawara kan korona, Shigeru Omi, ya faɗa a gaban majalisa cewa yin gasar a irin wannan hali ba abu ne da aka saba ba. Maganarsa shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa. An yi gasar daga 23 ga Yuli zuwa 8 ga Agusta, birnin yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma sai saura mako biyu aka yanke hana 'yan kallo.

Abin da UEFA ta yi a shekarar ya fi damuna. A watan Afrilun 2021 ta ƙwace wasannin gasar Turai daga Dublin da Bilbao saboda hukumomin biranen sun ƙi yin alkawarin barin 'yan kallo su shiga. Aka mayar da wasannin Seville da Saint Petersburg da Landan. Me wannan ya koya wa sauran birane? Cewa jami'in lafiyar da ya yi taka-tsantsan shi zai jawo wa garinsu asara. Kafin a gama gasar, ɗaruruwan magoya bayan Finland sun koma gida daga Saint Petersburg ɗauke da cutar.

Kuma ba yau aka fara ba. A ƙarshen 2014, lokacin da Ebola ke kisa a Gini da Laberiya da Saliyo, Maroko ta roƙi a ɗage gasar cin kofin Afirka ta 2015. CAF ta ƙi, ta ƙwace gasar ta kai Ikwatoriyal Gini, ta ci Maroko tarar dala miliyan ɗaya, ta kuma haramta mata shiga gasanni biyu masu zuwa, sai da kotun wasanni ta duniya ta soke haramcin. Za a iya cewa tsoron Maroko ya yi yawa, tunda Ebola ba ta bin iska, kuma an gama gasar lafiya. Na yarda. Amma da akwai rubutaccen ma'auni, da likitoci ne za su raba gardamar cikin mako guda, ba lauyoyi ba. FIFA kuwa ta taɓa nuna hanya mai kyau: a 2003, da cutar SARS ta ɓarke, ta ɗauke gasar cin kofin duniya ta mata daga ƙasar Sin zuwa Amurka, ta kuma ba Sin ta 2007. Mai masauki ya san cewa in ya faɗi gaskiyar halin da ƙasarsa ke ciki ba zai rasa komai da komai ba. Wannan ya kamata ya zama doka, ba alfarmar da ake yi wa mai ƙarfi ba.

Kada wani ya ce mini ba a taɓa yin irin haka a wasanni ba. Kun yi a kan zafin rana: akwai ma'aunin da in zafi ya kai shi alƙalin wasa zai tsayar da wasa a sha ruwa, kamar yadda aka gani a wasan Holan da Meziko a Fortaleza a 2014, kuma babu mai ɗaukar nauyin da ake neman izininsa. Kun yi a kan ƙwayoyin ƙara kuzari: tun 1999 kuka kafa hukumar WADA, da ɗakunan gwaje-gwajen da aka amince da su, saboda kun gane ba za a bar kowace ƙasa ta gwada 'ya'yanta da kanta ba. Irin wannan nake nema a kan cututtuka masu yaɗuwa. A kafa kwamitin likitoci da masana annoba ga kowace babbar gasa, wanda ba ku ke biyan albashinsa kai tsaye ba, da wakilin hukumar lafiyar ƙasar da ke masauki a ciki, kuma hukuncinsa ya ɗaure kowa. A rubuta matakan tun farko: in asibitocin garin suka cika zuwa kaza, a rage 'yan kallo, in ya wuce haka, a rufe, in ya ƙara, a ɗage. A sa wannan cikin yarjejeniyar masauki da ta talabijin da ta inshora, yadda ranar da abin ya zo babu wanda zai tsaya lissafin diyya kafin ya buɗe baki.

Yanzu bari in zo kan inda cutar ke kama mutane, domin nan ne aka fi ɓata kuɗi da ƙarfi a banza. Mun ga ana fesa wa ƙwallo magani. Mun ga ana goge sandunan raga, ana hana 'yan wasa rungumar juna in sun ci, alhali a mota ɗaya suka zo, a ɗaki ɗaya suka sauya kaya, kuma minti biyu da suka wuce suna riƙe da rigar juna ana jiran bugun kwana. Cuta irin korona ta numfashi take bi. Mai ɗauke da ita yana fitar da ƙananan ɗigo yayin magana da waƙa da ihu, a fili iska ta watsa su, a rufaffen ɗaki kuma su taru su yi ta yawo. Saboda haka minti casa'in a kan ciyawa su ne mafi sauƙin hatsari a duk ranar wasa. Hatsarin yana cikin motar ƙungiya mai rufaffun tagogi, da ɗakin cin abinci na otal, da ɗakin tausa, da ɗakin taron manema labarai, da lungunan da 'yan kallo ke cunkusuwa lokacin hutun rabin lokaci, da jirgin ƙasan da ke kwashe su bayan an tashi.

Alƙaluman Sikotland sun bayyana wannan fiye da duk abin da zan faɗa. Bayan wasanninta a gasar Turai ta 2021, hukumar lafiyar ƙasar ta gano mutum 1,991 masu ɗauke da cutar da suka halarci wani taro mai alaƙa da gasar. Daga cikinsu 1,294 sun je Landan saboda wasan Ingila da Sikotland na 18 ga Yuni. Amma 397 ne kawai suka shiga filin Wembley. Sauran fa? Suna tituna da dandali da mashaya da tashoshi, inda babu mai tambayar takardar gwaji. Tikitin da aka ware wa Sikotland bai kai 3,000 ba, mutanen da suka yi tafiyar kuwa sun ninka haka sau da yawa. Daga baya masu bincike a Jamus suka ƙiyasta cewa gasar ta jawo kamuwa kusan 840,000 a ƙasashe 12 da suka duba, kuma sun ga cutar ta fi hauhawa a ƙasar da ƙungiyarta ta buga wasa, ko da a wata ƙasa aka buga shi, domin mutane na taruwa a gidaje da wuraren kallo.

Na san amsar da za ku bayar: ikonku ya tsaya a katangar fili. A takarda haka ne. Amma ku kuka tara jama'ar. Ku ke tsara jadawali, ku ke yanke cewa a raba gasa ɗaya a birane 11 daga Seville har Baku, ana ta shawagi da ƙungiyoyi da magoya baya. A watan Agustan 2020 kun nuna kun san wata hanyar, da kuka tattara ƙungiyoyi takwas na ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Lisbon, wasa ɗaya ɗaya, aka gama cikin kwana goma sha biyu. Ya kamata kowace gasa ta kasance da irin wannan tsari na biyu a ajiye: birane kaɗan, tafiya kaɗan. Haka kuma shirin lafiya ya haɗa da hukumomin sufuri da masu wuraren kallo, a buɗe manyan dandali a sarari maimakon a tura mutane cikin ɗakuna. Kuɗin da ake kashewa a feshi a mayar da shi kan iska: tagogi, da na'urorin tace iska, da ɗan ƙaramin awon da ke nuna in numfashin mutane ya taru a ɗaki. Waɗannan ba su fitowa a hoto da kyau kamar mai feshi sanye da farin kaya, amma su ke aiki.

Abu ɗaya kuma game da ƙofa. Duba takardar rigakafi da ta gwaji yana rage saurin shiga, layi ya yi tsawo, mutane su matsu ana jin an take wasa. Duk wanda ya ƙara bincike a ƙofa wajibi ne ya ƙara yawan ƙofofi da ma'aikata, ya buɗe da wuri. Mutum takwas da suka rasu a turmutsitsin ƙofar filin Olembe a Yaounde ranar 24 ga Janairun 2022, da dubban marasa tikiti da suka kutsa Wembley ranar wasan ƙarshe na 11 ga Yulin 2021, sun isa tunatarwa cewa ƙofar fili wuri ne mai hatsarin kansa, kuma shirin lafiya da shirin tsaro dole su zauna a tebur ɗaya.

Rufaffen sansani yana aiki, wannan an gani. Gasar ƙwallon kwando ta NBA ta kwashe ƙungiyoyi 22 ta killace su a harabar Disney kusa da Orlando daga Yuli zuwa Oktoban 2020, ana gwaji kullum, kuma ba a samu ɗan wasa ko ɗaya da ya kamu a ciki ba. Amma abin ya ci sama da dala miliyan 150, 'yan wasa kuma sun yi watanni ba su ga iyalansu ba, wasu sun fito fili sun yi maganar ƙuncin da suka shiga. Bundesliga, wadda ta fara dawowa cikin manyan gasannin Turai ranar 16 ga Mayun 2020, ta tsaurara har kocin Augsburg, Heiko Herrlich, ya rasa wasan farko saboda ya fita daga otal ya sayo man goge baki. Wannan tsananin shi ya riƙe tsarin. Inda kuma annoba ta mamaye gari, sansani ba ya tsira shi kaɗai. Gasar kurket ta IPL a Indiya ta tsaya ranar 4 ga Mayun 2021 bayan cutar ta shiga ƙungiyoyi da dama, a daidai lokacin da mutane ke mutuwa a ƙofar asibitoci saboda rashin iskar oksijin. Tun kafin ta tsaya akwai tambayar da ta kamata a yi: ya halatta a keɓe dubban gwaje-gwaje da motocin asibiti domin wasa, a garin da marar lafiya ke rasa gado? Dokar da nake roƙo ta amsa wannan ƙarara, cewa gasa ba za ta ci daga rabon marasa lafiyan gari ba, ta zo da nata ko ta jira.

Akwai kuma mutanen da ba a ambatarsu in ana yabon sansani. A Tokyo ana gwada yawun 'yan wasa kowace rana, ana sa su bar ƙasar cikin sa'o'i 48 bayan sun gama, har lambar yabo da hannunsu suke ratayawa. Amma cikin waɗanda aka samu da cutar a harkar gasar, 'yan wasa ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba. Mafi yawa 'yan kwangila ne da ma'aikata mazauna Japan: masu shara, direbobi, masu gadi, masu dafa abinci, waɗanda ke shiga sansanin da safe su koma gida da dare. Ko kafin korona an ga haka, a gasar Olamfik ta hunturu a PyeongChang a 2018, inda cutar amai da gudawa ta sa aka janye masu gadi kusan 1,200 aka kawo sojoji. Mai sharar da ake biya ta kullum-kullum, in ta tashi da zazzaɓi za ta zo aiki, domin in ba ta zo ba babu abinci a gida. Babu gwajin da zai gyara wannan in ba a biya ta hutun jinya ba. Ku sa shi sharaɗi a kan kowane ɗan kwangila. Lafiyarta hakkinta ne ko da ba ta taɓa kusantar wani tauraro ba, kuma lafiyar tauraron ma a hannunta take.

Sai maganar adalci tsakanin ƙungiyoyi, wadda ta fi taɓa ni a matsayin mai son ƙwallo. Komoros ta zo gasar cin kofin Afirka karon farko a Kamaru a Janairun 2022, ta doke Ghana 3-2, ta kai zagayen 'yan 16. Sai cutar ta kama mutum 12 a sansaninta har da koci. Gola ɗaya yana jinyar rauni, biyu sun kamu. Ɗaya daga cikin biyun, Ali Ahamada, ya yi gwaji ranar wasa aka ga babu cutar, amma aka ce bai cika kwanakin killacewa ba. Dokar CAF a lokacin ta ce muddin kana da mutum 11 sai ka buga, ko babu gola. Haka mai tsaron baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu, aka manna masa lamba da tef a bayan riga, ya tsaya a raga a gaban mai masaukin baƙi. An ba kyaftin ɗinsu jan kati tun minti na bakwai, duk da haka 2-1 kacal Kamaru ta ci su. Duniya ta yaba jarumtarsu, kuma sun cancanta. Amma bai kamata a ce an kai su ga haka ba. Wata biyu kafin nan a Fotugal, Belenenses ta fito wa Benfica da mutum tara, biyu daga ciki gololi ne, aka ci su 7-0 kafin hutu, aka tashi wasan jim kaɗan bayan an dawo. Kwana biyu bayan haka aka gano mutum 13 masu korona nau'in Omicron a ƙungiyar Belenenses.

Dokar da ke cewa ka buga ko a ba abokin karawarka maki tana koya wa ƙungiya ɓoye marar lafiya. Likitan ƙungiya ma'aikacin ƙungiya ne, koci na kallonsa, shugaba na kallonsa. In faɗin gaskiya zai fitar da su daga gasa, wani zai yi shiru, ɗan wasa ya sha maganin zazzaɓi ya shiga mota da sauran. Ku bar ranakun rara a jadawali domin ɗage wasa. Ku ba da damar kiran ƙarin 'yan wasa, musamman gola, kuma hukumar gasa ta biya kuɗin jirgi ga ƙasar da ba ta da hali. Kun nuna kuna iya sauya doka da sauri in kun so, tunda a watan Mayun 2020 aka amince da sauya 'yan wasa biyar, ga shi har ya zauna.

Gwajin kansa dole ya fita daga hannun mai masauki. A watan Maris na 2021 wasan neman gurbi tsakanin Saliyo da Jamhuriyar Benin a Freetown bai yiwu ba, saboda ana dab da take wasa aka ce wasu manyan 'yan wasan Benin sun kamu, su kuma suka ƙi yarda da sakamakon. Sai a watan Yuni aka buga shi a Conakry. Burkina Faso ma ta yi ƙorafi kan gwajin da aka yi mata kafin wasan buɗe gasa da Kamaru. Ko gwajin gaskiya ne ko ba gaskiya ba, da zarar ƙungiyoyi sun fara ɗaukar sa makami, amana ta tafi, kuma ba a yaƙar annoba babu amana. Ɗakin gwaji ɗaya mai zaman kansa, sakamako ya fito aƙalla kwana guda kafin wasa, da damar sake gwaji ga mai shakka. A kuma fahimci iyakar gwajin: wanda ya kamu jiya zai iya fita babu komai yau, wanda ya warke kuma gwajin PCR zai iya ci gaba da nuna cutar makonni bayan ya daina yaɗa ta. Likita ne zai karanta sakamakon, ba jami'in gasa ba.

Haka batun rigakafi. Duk sharaɗin da za a sa, a faɗe shi da wuri, da murya ɗaya. Abin da ya faru da Novak Djokovic, ɗan wasan tanis da bai yi rigakafi ba, a Ostareliya a Janairun 2022, inda masu shirya gasa da gwamnatin jiha suka ba shi izini, gwamnatin tarayya ta tsare shi ta kore shi, bai ƙara wa kowa lafiya ba. Kuma in za ku wajabta allura a ƙasar da allurar ba ta wadata ba, ku kawo ta, ku kafa wuraren yin ta watanni kafin gasa, ba ranar da mutum ya zo da tikiti a hannu ba.

Ɗan wasan da ya warke shi ma a ba shi lokaci. Alphonso Davies na Bayern Munich, matashi mai ƙarfi, an gano masa kumburin tsokar zuciya bayan korona a Janairun 2022, sai da ya yi kusan wata uku bai buga ba. An gano ne saboda ƙungiyarsa tana da kayan binciken zuciya. Ɗan wasan ƙaramar ƙasa ba shi da wannan gatan sai in gasar ta tanadar wa kowa. A Paris a 2024, shekara uku kacal bayan Tokyo, Noah Lyles, mai fama da asma, ya yi tseren ƙarshe na mita 200 yana ɗauke da korona, ya zo na uku, aka fitar da shi a keken marasa lafiya. Babu dokar da ta hana shi, kuma yawancin abokan tserensa sai bayan an gama suka ji. Wannan ya nuna mini yadda muka yi saurin kwance abin da aka ɗaura da wahala.

Annoba mai zuwa ba lallai ta yi kama da korona ba. Wata ta iska ce, wata ta taɓa jiki kamar Ebola da ƙyandar biri, wata ta ruwa da abinci, wata ta sauro kamar Zika da ta sa wasu fitattun 'yan wasan golf suka ƙaurace wa Rio a 2016. Shi ya sa dokar ba za ta zama jerin matakan korona da aka kwafo ba. Ta faɗi wanda ke da ikon hukunci, da alƙaluman da zai duba, da abin da ya wajaba ga kowace hanyar yaɗuwa. Ta kuma wajabta wallafa adadin masu kamuwa kowace rana yayin gasa, da rahoto cikakke bayan an gama, har da na ma'aikata da 'yan kallo, domin mai shirya ta gaba ya san abin da ya yi aiki.

Gasannin da kuka riga kuka raba wa ƙasashe suna nan tafe: Olamfik ta Los Angeles a 2028, gasar cin kofin duniya ta 2030 da za a raba tsakanin Maroko da Sifaniya da Fotugal da wasu wasanni a Kudancin Amurka, sai Brisbane a 2032 da Saudiyya a 2034. Ina roƙon ku buɗe yarjejeniyoyin waɗannan gasanni ku ƙara wannan babin, ku gayyaci Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin 'yan wasa da na magoya baya da wakilan ma'aikatan filaye su sa baki, sannan ku wallafa shi cikin harsunan da 'yan kallonku ke ji, a wurin da kowa zai iya karantawa kafin ya sayi tikiti.

Allah ya ba ku ikon yi.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan kallo